Ina so in sayar da filin gadona in koyi tuƙin jirgin sama, ku ba ni shawara

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a nan, ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni a zuci. Shekarata 26, na gama digiri da bautar ƙasa, yanzu ina taya yayana zama a shago a Kantin Kwari. A Kurna na tashi, jiragen da ke sauka filin Malam Aminu Kano ta kanmu suke wucewa, lokacin jigilar alhazai har barci ba na yi don kallo. To an raba gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na samu fili ɗaya. Wani abokina ya ce min lasisin da ake kira PPL awa 40 kacal ake yi a sama, in na samu sai in nemi aiki a kamfanin jirage. Ina so in sayar da filin in tafi. Mahaifiyata ba ta ce a'a ba, amma na ga fuskarta. Waɗanda suka san harkar nan, don Allah ku faɗa min gaskiya.

Abu Yasir: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena kada ka taɓa filin nan. Fili ba ya ruɓewa, ba ya cin abinci, kullum daraja yake ƙarawa. Ka bar wa masu kuɗi jirginsu.

Tsohon Kyaftin: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Abokinka ya faɗa maka rabin magana, rabin da ya bari kuwa shi ne mai cin fili. PPL lasisi ne na matuƙi mai tashi don kansa. Da shi za ka ɗauki iyalinka ko abokanka ku tashi daga Kano zuwa Kaduna, amma doka ta hana a biya ka ko sisi a kan tuƙin. Ba kamfanin da zai ɗauke ka da shi, ba a Najeriya ba, ba a ko'ina ba. Mai neman abinci da tuƙi sai ya kai CPL, lasisin kasuwanci, shi kuma awa 200 ne, ko 150 a wasu kwasa-kwasan da hukuma ta amince da su. Kan wannan sai ya ƙara shaidar tuƙi da na'urori kaɗai, sai ta jirgi mai inji biyu, sannan ta ainihin irin jirgin da kamfani ke amfani da shi, Boeing 737 ne ko Embraer ko ATR. Kujerar kyaftin a babban jirgi kuwa sai ATPL, lasisi mafi girma, awa 1500. Ka ga PPL matakin farko ne a tsani mai tsawo, kuma matakan sama sun fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Ɗan Kurna: Innalillahi. Baba Kyaftin, wallahi ban san haka ba. Ke nan ko awa 40 ɗin ma ba gaskiya ba ne?

Baban Sadik: Bari in amsa wannan, koyar da tuƙi ne aikina. Awa 40 gaskiya ne, shi ne mafi ƙanƙanta da hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta gindaya (ko 35 a kwas ɗin da hukuma ta amince da shi), Amurka ma haka. A Tarayyar Turai da Afirka ta Kudu 45 ne. A ciki dole akwai awa 10 da ka tashi kai kaɗai ba malami, 5 daga ciki na tafiya daga gari zuwa gari, har da tafiya ɗaya da ba ta gaza kilomita 270 ba, ka sauka a filaye biyu daban. Shekara 17 ake ba da lasisin. Amma mafi ƙanƙanta daban, abin da mutane ke yi daban. Yawancin ɗalibai sai sun kai awa 60 ko 70 kafin malami ya yarda ya miƙa su ga mai jarrabawa. Kuma kuɗin tuƙi da awa ake biya: hayar jirgi, mai, malami. Don haka duk makarantar da ta ba ka lissafi a kan awa 40, ka ɗauki kuɗin awa ɗaya ka ninka da 65, ka ƙara masauki, abinci, littattafai, kuɗin jarrabawa da na likita. Wannan ne lissafin da za ka auna da filinka.

Sai karatun aji, wanda samari ba sa son ji. Dokokin sama, ilimin yanayi, taswira da lissafin hanya, yadda inji ke aiki, yadda fiffike ke ɗaga jirgi, lissafin nauyi da daidaito, jikin ɗan Adam a sama, da maganar rediyo. Kowanne da jarrabawarsa.

Maman Ilham: Malam Baban Sadik sannu da ƙoƙari. Ni 'yata ce take aji shida na sakandare, tun tana ƙarama maganarta ke nan. Tana sa tabarau, kuma jininta AS ne. Shin waɗannan za su hana ta? Kuma ana ɗaukar mata kuwa?

Baban Sadik: Hajiya, tabarau ba ya hanawa muddin da shi tana gani daidai. Abin da ke kayar da mutane da yawa shi ne rashin bambance launi, musamman ja da kore, don fitilun filin jirgi da na fiffike da su ake magana. Akwai littafin gwaji mai ɗige-ɗigen launi da lambobi a ɓoye a ciki, Ishihara ake ce masa, da shi ake farawa. Wannan matsala ta fi yawa a maza, kuma da yawa ba su san suna da ita ba sai ranar gwajin. AS a galibin ƙasashe ba ya hanawa, mai cutar sikila SS ne lamarinsa ke da wuya, amma hukuncin na likitan da hukumar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi ne, ba kowane likita ba. Batun mata kuwa, Kyaftin Chinyere Kalu a kwalejin jiragen sama ta Zariya ta yi karatu, ita ce mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, daga baya ta dawo ta shugabanci kwalejin. Na koyar da 'yan mata masu hijabi, abin sauraren rediyo yana zama a kansa lafiya lau.

Ɗan Kurna, wannan ya shafe ka kai tsaye. PPL gwajin lafiya mai daraja ta biyu yake buƙata, CPL ta ɗaya. Tunda aiki kake nema, je ka yi ta ɗaya tun yanzu, kafin ka kira dillali. Na ga wanda ya kashe kuɗi ya gama PPL, ya je gwajin daraja ta ɗaya aka gano matsala a zuciyarsa. Ya zauna a gabana ya rasa abin cewa, ni ma haka.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, hankalina ya kwanta.

Injiniya Mai Gyara: Tambayar da ba a taɓa ba ita ce a ina. Ni dai Zariya nake ba kowa shawara. Kwalejin jiragen sama da ke can, NCAT, tun 1964 take, da taimakon ICAO da Majalisar Ɗinkin Duniya aka kafa ta, manyan kyaftin ɗinmu da yawa can suka fito. Kuma sun kawo jiragen Diamond, DA40 da DA42, masu shan Jet A1, irin man da manyan jirage ke sha. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsoffin jiragen koyo irin su Tampico da Cessna man abgas suke sha, wato fetur ɗin ƙananan jirage, wanda shigo da shi ake yi, yana da tsada, wani lokaci a neme shi a rasa, jirgi lafiyayye ya kwana a ƙasa. Akwai kuma kwalejin Ilorin ta gwamnatin Kwara. Kana gida, kana biya da naira, lasisin NCAA za a ba ka kai tsaye ba sai ka canza ba.

Alhaji Na Legas: Injiniya ban ƙi taka ba, amma ni a Afirka ta Kudu na yi nawa, ina da shekara 44, kuma abin da na gani shi ne yanayi. Can kusan kullum ana tashi. Koyon tuƙi kamar hadda ne, in ka yi yau ka bari sai bayan mako uku, rabin darasi na gaba tilawa za ka yi, kuma kuɗinka ne ke ƙonewa. Ni sau huɗu ko biyar nake tashi a mako, cikin wata huɗu na gama.

Injiniya Mai Gyara: Alhaji kai da dala ka tafi. Yaron nan naira zai riƙe. Ya fara da canji ɗaya, kafin ya kai rabi canji ya tashi, filin da ya isa jiya yau bai isa ba. Mun ga yara da suka dawo da awa 30 a littafin rubuta awoyin tashi, ba lasisi ba fili. Amurka kuma ga bizar ɗalibai ta M-1, ga izinin hukumar tsaron sufuri ta TSA kafin a fara koya maka, in ka dawo ga jarrabawar canza lasisi.

Alhaji Na Legas: Wannan gaskiya ne. Kuma zan ƙara da abin da ya same ni: makarantar farko da na je na biya kuɗi mai yawa a dunƙule don an yi min ragi, sai jirginsu ɗaya ya shiga gyara, ɗalibai muka yi layi a kan ɗaya. Da ƙyar na karɓo wani abu na koma wata. Duk inda za ka, gida ko waje, ka tambayi jirage nawa ne suke tashi a yau, ba nawa ne a rumfa ba, malamai nawa, ɗalibai nawa, kuma ka biya kaɗan-kaɗan.

Baban Sadik: Batun yanayi da Alhaji ya kawo, bari in tsaya a kansa, don shi ne babban malami a arewa. Ɗalibin PPL da ido yake tuƙi. Layin da sama ta haɗu da ƙasa shi ne ma'auninsa, da shi yake sanin ko hancin jirgi ya ɗaga ko fiffike ya karkata. Doka tana so ka iya hangen kilomita 5. To ku tuna hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar da ko hasumiyar masallacin unguwa ba ka gani sosai. A sama abin ya fi haka muni: ƙasa a ƙarƙashinka kana ganinta dishi-dishi, amma gabanka fari fat, babu layi. Manyan jirage masu na'urori ma ana soke musu tashi a Kano a irin ranakun nan, balle ɗalibi. Damina kuma hadarin yamma ne, mai tasowa daga gabas da iska a gabansa, ƙaramin jirgi ba ya kusantarsa ko da wasa.

Sai zafi. Iska mai zafi sakayau take, fiffike da farfela da inji duk ba sa samun abin kamawa sosai. Filin Zariya yana kan tudun da ya haura ƙafa 2000. A ma'aunin da aka gina jirage a kai, zafin wurin bai kamata ya wuce digiri 11 ba. In Afrilu ta zo aka kai 38, kowane digiri na ƙari yana ɗora kusan ƙafa 120, sai jirgin ya riƙa aiki kamar yana ƙafa 5000 da wani abu alhali tayarsa na ƙasa. Gudun tashi ya ƙara tsawo, hawa ya yi nauyi. Shi ya sa muke son fita da sassafe bayan asuba, iska a kwance, sanyi-sanyi. Wanda ya koyi tuƙi a wannan yanayi ya koyi abin da ɗan wata ƙasa sai daga baya zai sani, amma zai ɗauki lokaci, a faɗa masa tun farko.

Ɗan Maraɗi: Ina gaida ku duka. Ni ba matuƙi ba ne, mai kula da zirga-zirgar jirage ne, a lakkol ɗin EAMAC ta Yamai na yi karatu, ta ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage ta ƙasashen Afirka da dama. Can ba a koyar da tuƙi, ana koyar da mu masu hasumiya, da masu duba yanayi, da injiniyoyin na'urori. Na faɗi haka don ƙanena ya san ƙofar sama ba ɗaya ba ce, Zariya ma tana da waɗannan sassan. Abu guda da nake roƙon duk ɗalibi: rediyo. Ana buƙatar Turancin jirgi mataki na 4 a ma'aunin ICAO. Ba Turancin gayu ba ne, gajerun kalmomi ne tsayayyu, ka ji, ka maimaita abin da aka ce maka daidai. Haruffa Alfa, Bravo, Charlie ka haddace su tun yau a shago, lambar jiragen Najeriya da 5N take farawa, ta namu na Nijar da 5U. Kuma in ka ɓata a sama, ka faɗa mana. Muna jin muryar ɗalibi tana rawa, yana jin kunyar cewa bai san inda yake ba, man kuma yana tafiya. Wallahi ba mai yi maka dariya, aikinmu ke nan.

Abu Yasir: Duk na ji. Amma ku faɗa masa haɗarin ma. Ba mu manta da marigayi Ɗanbaba Suntai ba, gwamnan Taraba. A Zariya ya koya, yana gwamna, ya faɗi da jirgi kusa da Yola a 2012, bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 2017. Gwamna ke nan, da duk abin da yake da shi.

Tsohon Kyaftin: Abu Yasir ka kyauta da ka kawo wannan, don ya kamata a yi maganarsa da mutunci, a kuma ɗauki darasi. Ranar 25 ga Oktoba 2012 ne, jirgin Cessna 208 Caravan. Wannan jirgi ne mai injin tabain, ya fi jirgin koyo girma da ƙarfi sosai. Abin da masu bincike suka bayyana shi ne ba shi da shaidar tuƙa irin wannan jirgi, kuma tafiya ce ta tuƙi da ido da ta kai bayan faɗuwar rana. Haka ɗan tsohon shugaban Amurka, John Kennedy ƙarami, a Yulin 1999, da PPL, da dare, cikin hazo a kan teku, da matarsa da 'yar uwarta. In ido ya rasa layin nan da Baban Sadik ya faɗa, kunnen ciki yana yi wa mutum ƙarya. Jirgi yana karkata yana gangarawa, jikinka yana rantse maka a miƙe kake. Ba ƙarfin hali ke maganinsa ba, horon na'urori ne, ko kuma ka zauna a ƙasa.

Shekarun da na yi ina tuƙi, abin da ya fi min wuya ba sauka cikin iska ba ne. Wata rana ina ƙaramin matuƙi, an ɗauko ni in kai wasu manya ɗaurin aure, hazo ya rufe filin da za mu sauka. Na ce ba za mu tashi ba. Ɗaya daga cikinsu, sa'an mahaifina, ya dube ni ya ce yaro kai ba ka yarda da ƙaddara ba ne? Mu da aka tarbiyyantar da mu kada mu musa wa babba, ka san nauyin wannan magana. Na ce ranka ya daɗe na yarda, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Suka tafi a mota cikin fushi. Wannan kalma ta a'a ita nake so kowane ɗan arewa mai son tuƙi ya gwada bakinsa da ita, don kunya da kara da muke alfahari da su a ƙasa, a nan suna iya kashe mutum.

Abu Yasir: Na yarda Baba Kyaftin. Amma har yanzu ina kan bakana game da fili. Alhaji Na Legas, kai da ba aiki kake nema ba, me lasisin ya ƙara maka? Ba almubazzaranci ba ne?

Alhaji Na Legas: Malam Abu Yasir, da ribar kasuwata na yi, bayan na sauke nauyin iyali, ban sayar da komai ba, kuma ban ba yaron nan shawarar ya kwaikwaye ni ba. Abin da ya ƙara min kuwa, ranar da na fara tashi ni kaɗai ba zan manta ba. Mun yi zagayen fili sau uku da malamina a Cessna 172, sai ya ce in tsaya, ya buɗe ƙofa ya fita, ya ce je ka yi ɗaya. Na karanta addu'ar hawa abin hawa, Subhanallazi sakhkhara lana haza, ban taɓa jin ma'anarta kamar ranar ba. Na tura totur har maƙura, na danna ƙafar dama don jirgin yana son jan hagu, gudu ya kai not 55 a ma'aunin gudun jirgi na ɗaga hanci. Da yake nauyin mutum ɗaya ya ragu, sai ya hau kamar ana jansa. A ƙafa 1000 na waiga kujerar dama ba kowa. Minti shida ko bakwai ne duka, na sauka hannuna yana rawa. Kuma ya canza min yadda nake komai. Mutumin da ya saba zagaya jirgi kafin tashi, ya tsiyayi mai a ɗan kofi ya ɗaga ya duba ko shuɗi ne tsantsa ko ruwa ya kwanta a ƙasa, ba ya sake sa hannu a takardar da bai karanta ba. Sai dai riƙe lasisin ma kuɗi ne. Kafin ka ɗauki fasinja dole ka yi tashi da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce, kuma a ƙasar nan samun ƙaramin jirgin haya ba sauƙi.

Ɗan Kurna: Jikina ya yi sanyi, amma sha'awar ba ta tafi ba, labarin Alhaji ma ƙara min ita ya yi. Na yi lissafin da Malam Baban Sadik ya ce. Filin zai iya kai ni PPL, ba zai kai ni CPL ba ko kusa.

Tsohon Kyaftin: To ka samu amsarka game da filin, aƙalla a yanzu. Kada ka sayar don ka tsaya a tsakiyar kogi. Jihohi sukan ɗauki nauyin ɗalibai lokaci zuwa lokaci, Kano ta taɓa tura matasa Jordan koyon tuƙi zamanin Kwankwaso, kamfanoni ma wani lokaci suna neman waɗanda za su horar. Ka sa kunne, takardunka da shaidar likita a hannu. Ka sani kuma ko CPL ɗin ba ya nufin aiki na jiran ka, akwai masu shi da suka daɗe a gida saboda ba su da kuɗin shaidar irin jirgi. Tun a Nuwamban 1925 jirage suka sauka a Kano, jiragen sojan Ingila uku daga Masar. Ina so in ga 'ya'yan garin da yawa a kujerar gaba, amma ba ta hanyar da za ta bar uwa da kuka ba.

Baban Sadik: Kuma kafin komai ka hau ƙaramin jirgi ko sau ɗaya. Makarantu da yawa suna yin tashin gwaji na rabin awa ko awa ɗaya, malami ya ba ka sitiyari ka riƙe. Ƙaramin jirgi da rana tsaka yana girgiza, ga zafi, ga ƙara, ga warin mai. Wasu suna sauka sun ƙara ƙaunarsa, wasu suna sauka sun gane daga ƙasa suke son jirgi. Amai a tashin farko ba komai ba ne, yana wucewa.

Maman Ilham: Ɗana, ka kuma zauna da Hajiyarka ka karanta mata duk abin da aka rubuta a nan. Shirun da ta yi magana ce.

Ɗan Kurna: In sha Allah Mama, yau da daddare. Na fasa kiran dillalin. Malam Baban Sadik, zan fara da likitan. In je da sakamakon gwajin jinina da na ido na asibiti, ko can za su yi komai da kansu?

Baban Sadik: Ka tafi da duk takardar asibiti da kake da ita, da tabarau in kana sawa, amma za su sake nasu: ido, kunne, jini, fitsari, bugun zuciya. Ka duba sunan likitan a jerin NCAA kafin ka biya. Ka yi barci sosai daren, kuma duk abin da aka tambaye ka game da lafiyarka ka faɗi gaskiya, ko da kana ganin zai kayar da kai. In ka fito ka dawo nan ka faɗa mana, sai mu yi maganar littattafan da za ka fara da su.